Gangaren keken guragu: awon da ya kamata magini ya riƙe kafin ya zuba kankare

A tsaya a bakin sabon kantin magani ko asibitin kuɗi a Kano ko Kaduna ko Zariya, a dubi gefen matakala. Sau da yawa za a ga wani ɗan gangare da aka maƙala daga baya, faɗinsa bai wuce ƙafa biyu ba, an lulluɓe shi da tayil mai sheƙi, ya miƙe tsaye kamar wanda ake tura babur da shi cikin zaure. Mai ginin yana ganin ya fita haƙƙin guragu. Gurgun kuwa yana can ƙasa a kan kekensa, yana jiran samari biyu su zo wucewa su cicciɓe shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, takardar likita a bakinsa don kada ta faɗi. An kashe siminti, an biya magini, amma ƙofar tana nan a rufe gare shi kamar jiya.

Laifin ba na mugunta ba ne. Yawancin maginanmu ba a taɓa gaya musu cewa gangare yana da awo ba, mai ginin kuma bai taɓa zama a kan keke ya gwada hawa ba. Awon kuwa ɗaya ne, mai sauƙin riƙewa: kowane inci 1 na tsayi, a ba shi ƙafa 1 na tsawo. Ɗaya bisa sha biyu ke nan. Duk sauran bayanin da ke ƙasa rassa ne na wannan.

Abin da doka ta ce

Tun ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ake kira dokar 2018. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyinsu, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa wa ƙa'ida zai iya fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Wanda gini ya tare wa hanya yana da ikon sanar da masu kula da wurin, kuma idan suka yi kunnen uwar shegu har kotu ta same su da laifi, kamfani zai biya shi naira 10,000 a kan kowace rana, mutum ɗaya kuma naira 5,000. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman a Abuja don ta bi diddigin wannan. Jihohi irin su Legas da Filato da Kano da Jigawa da Kaduna suna da nasu dokokin.

Ra'ayinmu shi ne, tara ba za ta gina gangare mai kyau ba. Wanda tsoron jami'i ya sa shi aiki, irin wancan mai tayil ɗin zai yi, a ɗauki hoto a wuce. Sanin awo ne ya yi ƙaranci, don haka can za mu karkata.

Fara da auna tsayi

Mutanenmu suna ɗaga harsashin gini saboda ambaliya, da kuma sanin cewa titi kullum ƙara tudu yake yi duk lokacin da aka sake zuba masa burji da kwalta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga daɓen shago ko masallaci ya ɗara ƙasa da ƙafa biyu, wani har uku. A auna daga daidai inda tayar keke za ta fara hawa zuwa saman daɓen cikin gini, ba zuwa matakalar ƙarshe ba. Idan filin ba a baje yake ba, a yi amfani da tiyon ruwa na magina a ɗauko daidaito, domin ido yana ruɗi.

Idan tsayin inci 6 ne, gangaren ƙafa 6 ne. Idan ƙafa 1 ne, ƙafa 12. Idan ƙafa 2 ne, wato inci 24, to ƙafa 24 cur, sama da mita 7. A nan ne mai gini yakan riƙe baki ya ce ai wannan ya cinye masa fili. Gaskiya ne yana cin fili. Amma ga abin da ke faruwa idan aka gajarta shi. Nauyin mai keke yana kan manyan tayoyin baya ne. Da zarar gangare ya miƙe da yawa, kowace turawa da hannu tana ɗaga ƙananan tayoyin gaba, sai keken ya kifa ta baya, ƙeya ce ke fara bugun siminti. Wajen saukowa kuma tafin hannu ne birki. Idan gudun ya fi ƙarfin hannu sai keken ya ƙwace, matakin ƙafa ya caki ƙasa a gindin gangaren, mutum ya tuntsura ta gaba. Wanda ke turo tsoho ko mara lafiya shi ma bai tsira ba, don nauyin duka yana dawowa kan ƙugunsa.

Ɗaya bisa sha biyu ma iyaka ce, ba ita ce mafi kyau ba. Inda fili ya wadata, a ba kowane inci ƙafa 1 da rabi, tsofaffi da mata masu ciki za su fi jin daɗinsa. A tsohon ginin da babu yadda za a yi, ana ɗan sassautawa ga ƙaramin tsayi kawai: inci 6 zai iya samun ƙafa 5, inci 3 ya samu ƙafa 2. Fiye da haka babu rangwame.

Idan filin gaba bai kai ba, kada a tunkari ƙofa kai tsaye. A kwantar da gangaren a jikin bango, ya bi tsawon ginin ya ɓullo a gefen ƙofa. Ko a naɗe shi biyu: ƙafa 12 ya tafi, a yi wurin juyawa, ƙafa 12 ya dawo. Abin da ba a yi shi ne gangare mai lanƙwasa kamar baka, domin taya ɗaya takan rasa ƙasa a kan kwana.

Faɗi, wurin hutawa, da bakin ƙofa

Keken asibiti na yau da kullum faɗinsa yana tsakanin inci 25 da 27, ga kuma hannuwan mai shi da ke fita waje yayin turawa. Mafi ƙanƙantar faɗin gangare ƙafa 3 ne tsakanin ƙarfen riƙo da ƙarfen riƙo, amma ƙafa 4 muke ba da shawara. Wurin da ake cunkoso, irin masallacin Juma'a ko sashen marasa lafiya na waje, a kai shi ƙafa 5 ko 6 don masu hawa da masu sauka su wuce juna.

Akwai abin da yawancin littattafan gini na ƙasashen waje ba su lissafa da shi ba, kuma shi ne ya fi yawa a titunanmu: keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa a Kano da Jos da sauran garuruwa. Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a hukumance a Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan, magidanta ne da matan aure da ɗalibai, kuma da wannan keken suke zirga-zirga. Ya fi keken asibiti tsawo nesa ba kusa ba, kuma ba ya juyawa a wuri ɗaya, sai ya yi da'ira. Don haka kafin a yanke girman wurin juyawa, a aiko da irin wannan keken a auna shi, a zana da'irarsa a ƙasa da toka.

A ƙa'ida, kowane gangare yana buƙatar fili a baje a gindinsa da kuma samansa, ƙafa 5 tsawo. Idan akwai kwana, ƙafa 5 bisa 5 ga keken asibiti, fiye da haka ga mai taya uku. Kuma hawa ɗaya kada ya wuce inci 30 na tsayi, wato ƙafa 30 na tsawo, ba tare da an sa wurin hutawa a tsakiya ba, saboda kafaɗa tana gajiya.

Filin sama shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi haɗari. A ɗauka gangaren ya ƙare daidai a jikin ƙofa. Mai keke ya iso, hannuwansa biyu suna riƙe da taya don kada ya koma baya. Da wane hannu zai murɗa mariƙin ƙofar? Idan ya saki ɗaya, keken ya karkace ya fara gangarawa. Idan kuma ƙofar waje take buɗewa, ita da kanta za ta ture shi. Maganin shi ne ƙafa 5 na baje bayan inda ƙyauren ke kaiwa idan an buɗe shi, da kuma sararin inci 18 zuwa 24 a gefen da mariƙi yake, don ya raɓe ya ja ƙofar.

Ita ƙofar, sararin shigarta idan an buɗe kada ya gaza inci 32. Ƙyaure mai ƙafa 2 da rabi, wanda aka saba sa wa banɗaki da ƙananan ofisoshi, ba ya bayar da wannan, don inci 30 ne kacal, ga kuma kaurin ƙyauren da firam suna cin wani abu. A sa mai ƙafa 3. Dokin ƙofa kuma kada ya ɗara rabin inci. Mun san dalilin da ake ɗaga shi, don ruwa da ƙura da kunama, amma inci 2 na dokin ƙofa katanga ce ga ƙaramar tayar gaba. Gara a karkatar da daɓen waje kaɗan ruwa ya gudu, a sa roba a ƙasan ƙyaure.

Kayan aiki da zubi

Mu ɗauki misalin tsayin ƙafa 2: gangare ƙafa 24 bisa 4, da fili biyu na ƙafa 5 bisa 5, kaurin kankare inci 4. Kwaɓin da ya dace shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti 1 (wato kwanon sarki 2), kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, kwano 8 na tsakuwa. Wannan aikin zai ci buhu 9 na kankare, a sayi 10 don ɓarna. Bangon gefe zai ci bulo wajen 100 idan duka ɓangarorin biyu za a gina, ƙasa da haka idan ɗaya yana jingine da gini, da ƙarin buhu 3 ko 4 na ɗora bulo da shafe.

Cikon tsakiya shi ne inda ake ha'inci. Lebura ya kwaso ɓaraguzan gini da leda da shara ya zuba, a rufe da kankare. Damina ɗaya cikon ya zauna, kankaren ya rataya a kan iska, ya tsage, sai a ga wani gefe ya nutse ya bar baki mai kama taya. A cika da jar ƙasa ko burji, inci 6 a kowane zubi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai kafin a ƙara wani. Inda ƙasar wurin laka ce mai kumbura da damina, a shimfiɗa ragar ƙarfe a tsakiyar kankaren.

Kafin zubi a ɗaure igiya daga bakin filin sama zuwa turke a gindi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora katako mai ƙafa 6 a kan cikon, a ɗaga bakinsa na ƙasa har ya daidaita, ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce inci 6. Ta gefe kuma a karkatar da shi inci 1 kacal a faɗin ƙafa 4 don ruwa ya zurare. Idan karkatar ta fi haka, keken zai riƙa jan gefe ɗaya, hannu ɗaya ya yi ta aikin biyu.

Saman gangare ba wurin ado ba ne. Tayil da daɓe mai sulɓi, da ruwan sama ya taɓa su ko ƙurar hunturu ta kwanta, sun zama santsi, kuma mai sanda ne ke fara faɗuwa. Idan kankare ya fara kamawa, a ja tsintsiya mai tauri a kansa daga gefe zuwa gefe, a gicciye da hanyar tafiya. Wannan kaushin ya isa. Wasu maginan sukan yi zurfafan tsagi da bakin cokali suna ganin taimako ne. Girgiza keke kawai suke yi, kuma mai ciwon laka yana jin kowane ɗaya a bayansa. Tsagin da ake buƙata siriri ne, ɗaya a kowace ƙafa 5 ko 6, don idan kankaren zai tsage ya tsage a nan. Bayan haka a rufe da buhuna, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Kankaren da aka bari ya bushe da iskar hunturu ko zafin bazara a kwana ɗaya, samansa yakan yi gari ya fara zubewa tun shekara ba ta zagayo ba.

Gindin gangaren ya narke cikin ƙasa ba tare da baki ba. Idan akwai kwata a gaban ginin, kamar yadda take a gaban yawancin shaguna, murfinta ma ɓangare ne na aikin. Murfin kankare ya zauna daram, babu rata. Idan na rodi ne, tsakanin rodi da rodi kada ya wuce rabin inci, kuma a jera su a gicciye, in ba haka ba tayar gaba ko bakin sanda zai faɗa ciki.

A kowane gefen da ba bango, a ɗaga ɗan baki na inci 4 don ya tare taya, ya kuma zama jagora ga sandar makaho. Ƙarfen riƙo a sa shi a ɓangarori biyu, domin wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama da hannu ɗaya yake riƙo, kuma ƙarfen da ke dama wajen hawa shi ne ke hagu wajen sauka. Bututu mai kaurin inci 1 da rabi shi hannu ke iya zagayewa. Tsayinsa inci 34 zuwa 38, a ƙara na biyu a wajen inci 28 don yara da na zaune. Ya zarce gangaren da ƙafa 1 a sama da ƙasa, a lanƙwasa bakinsa kada ya kama riga. A goge wurin walda, kuma a shafa fenti mai haske: baƙin ƙarfe a ranar Afrilu ba ya taɓuwa.

Kada a rushe matakala

Kuskure ne a ɗauka gangare ya wadatar da kowa. Da yawa daga masu sanduna biyu da masu ƙafar roba sun fi samun sauƙin matakala, saboda gangare yana tilasta wa idon sawu lanƙwasar da ba za su iya ba. A bar duka biyun. Kowane taki ya zama inci 6 tsayi, inci 11 ko 12 faɗi, kuma duka su zo daidai wa daida. Taki ɗaya da ya ɗara 'yan'uwansa da inci guda shi ne ke kayar da makaho da mai ido baki ɗaya. A shafa wa bakin kowane taki fenti mai bambancin launi don masu raunin gani. Sannan a duba sama: akwatin na'urar sanyaya ɗaki, tagar da ke buɗewa waje, allon talla, duk abin da ya leƙo a kan hanya ƙasa da ƙafa 6 da inci 8, sanda ba ta gano shi, goshi ne ke gano shi.

Masallaci da banɗaki

Masallaci yana da nasa zancen. A cikin Sahihu Muslim, wani makaho ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa rangwame ya riƙa salla a gida saboda ba shi da ɗan jagora. Da aka tambaye shi ko yana jin kiran salla ya ce yana ji, sai aka ce masa ya amsa. Kwamitin da ya ɗora lasifika huɗu a kan hasumiya ya tabbatar kowa yana jin kiran, saura hanyar amsawa.

Matsala ta farko a nan takalma ne. Gangare yakan ƙare a bakin ƙofa, daidai inda jama'a ke tuɓe takalmi, sai filin ƙafa 5 ɗin nan ya cika da silifa kafin a tayar da iƙama. A kafa kantar takalma a ɗaya gefen, a ja layin fenti a filin, ladan ya riƙa tunatarwa. Ta biyu ita ce shakkar najasa a tayar keke, wadda ke sa a bar mutum a rana a waje. A ajiye buta da tsumma a filin sama don goge taya, ko a ware gefen sahu kusa da ƙofa a shimfiɗa masa tabarmar roba mai wankuwa. Ta uku wurin alwala: kusan ko'ina akwai dakali da kwata a gabansa. A bar famfo ɗaya babu dakali, daɓensa a baje da kaushi, kan famfon mai mariƙin da ake turawa maimakon na murɗawa. A tuna da masu rarrafe da hannu, waɗanda ke sa silifa a tafinsu. Duk ruwan da ya kwanta a daɓe, a hannunsu da tufafinsu yake ƙarewa, don haka magudanar wurin ta ja ruwa da gaske.

Banɗaki kuwa shi ke yanke wa mutum tsawon zamansa a wuri. Ɗalibar da ba za ta iya shiga na makaranta ba, daina shan ruwa take yi tun safe, daga baya ta daina zuwa. Ɗaya tak ya isa a fara da shi: fili na ƙafa 5 a ciki don juyawa, masai na zama mai tsayin inci 17 zuwa 19, sarari a gefensa inda keke zai tsaya, ƙarfen riƙo a bango a tsayin inci 33 zuwa 36, famfo ko buta inda hannu zai kai daga zaune. Ƙarfen nan nauyin mutum duka zai ɗauka, kuma bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa. A fasa wurin a cika ramin da kankare, a dasa ƙarfen a ciki. Ƙofar ta buɗe waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa ne zai tokare ta. Kuma kada a mayar da shi ɗakin ajiye bokiti da tsintsiya a sa masa kwaɗo, makullin yana aljihun wanda ya tafi kasuwa.

Gwaji kafin a kwaɓa siminti

Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da sarkin guragu da sarkin makafi, ga kuma ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman. Ranar da aka gama daddaɓe ciko, kafin a fasa buhun farko, a gayyato mutum biyu ko uku: mai keken asibiti, mai keke mai taya uku, da mai sanda. A shimfiɗa faranti na katako a kan cikon, su hau su sauka da kansu, wani yana biye a baya ba tare da ya taɓa keken ba. A lura da inda tayar gaba ta ɗaga, inda suka tsaya jan numfashi, inda kwana ta matse su. A biya su kuɗin mota da na lokacinsu kamar yadda za a biya kowane mai duba aiki. Gyara a wannan matakin shebur ne da baro biyu na ƙasa. Bayan kankare ya kama, sai guduma da sabon siminti.

Bayan an buɗe wurin, a sa wa mai gadi ido a kan gindin gangaren. Nan ne ɗan acaɓa ya fi son jingine babur, nan mai janareto ke ganin fili, nan mai shayi ke kafa benci. Turaku biyu na ƙarfe a bakin titi, da ratar ƙafa 4 a tsakaninsu, suna hana mota toshe shi, kuma keke yana wucewa.